Zullumi ba ya buƙatar bindiga: amsa ga mai son yin fim a kan cin amanar 'yan fim

Tambayar ta fito daga wani matashi mai koyon rubutun fim a nan Kano. Ya rubuta labarin wani marubuci da furodusa ya karɓe masa labari, ya juya shi yadda ya ga dama, ya cire sunansa. Yana son su yi fim ɗin da ɗan abin da shi da abokansa za su harhaɗa, babu babban kamfani a bayansu, kuma yana son ya zama fim ɗin zullumi, irin wanda tashin hankalinsa yake cikin ƙwaƙwalwar jarumi, ba a kan titi ba. Abu uku yake son sani: waɗanne finafinai zai kalla ya koya, ko irin wannan aiki zai karɓu a Kano, da dalilin da ya sa duk wanda ya karanta labarin sai ya ce ya yi kyau amma bai kama shi ba.

Ƙanena, da ta ƙarshen zan fara, don ita ce uwa. Daga yadda ka zayyana labarin, jaruminka ba shi da laifin komai. Mutumin kirki ne, haziƙi, aka zalunce shi, furodusan kuma mugu ne tun daga fitowarsa ta farko. Irin wannan labari tausayi yake haifarwa, shi kuwa tausayi ba ya hana mutum sakewa. Mai kallo zai ce Allah sarki, ya yi wa furodusa Allah ya isa, ya ci gaba da danna wayarsa, domin ya riga ya san ɓangaren da yake, kuma ɓangaren masu gaskiya ne. Zullumi yana farawa ne sa'ad da mai kallo ya ga jarumi zai aikata abin da bai dace ba, ya kuma ji a ransa cewa da shi ne ma abin da zai yi ke nan. Saboda haka aikin da ke gabanka ba ƙara wa furodusa mugunta ba ne. Ka nemo inda jaruminka ya ce "to" da bakinsa, ka nemo abin da aka ba shi a madadin wannan "to" ɗin, sannan ka nemo wanda abin ya faɗa a kansa.

Finafinan da suka yi fice a wannan fanni kusan duk a kan wannan turba suke. Ka fara da Le Mépris na Jean-Luc Godard, wanda ya fito a Faransa a 1963. Marubuci ne wani furodusa Ba'amurke ya ɗauka ya gyara labarin fim don ya shiga kasuwa. Marubucin yana buƙatar kuɗin, akwai gidan da suke biya shi da matarsa. Ranar da suka haɗu, furodusan ya ce matar ta shigo motarsa mai kujera biyu, sai mijin ya ce ta je, shi zai biyo su a tasi. Iyakar laifin ke nan. Babu duka, babu zagi, amma daga wannan lokaci matar ba ta sake kallonsa da idon da take kallonsa a da ba, kuma sauran fim ɗin duk ƙoƙarinsa ne na gano abin da ya yi, alhali ya sani. Ka lura da ƙanƙantar abin. Da a ce sayar da ita ya yi ƙarara, da ba mu ji tsoro ba, don mun san ba za mu yi haka ba. Amma sakin fuska ga mai kuɗi fiye da kima, da yin kamar ba ka ga abin da ka gani ba, wannan kowa ya san ɗanɗanonsa. Shi kansa Godard bai tsira ba a kan wannan fim: masu kuɗin sun matsa masa sai da ya ƙara wata fitowa da ba ta cikin tsarinsa, don kawai a nuna jikin jarumar.

Barton Fink na 'yan'uwan nan Coen, 1991, ya fi kusa da labarinka. Marubucin wasan kwaikwayo ne daga New York da aka kira Hollywood a 1941 aka ce ya rubuta fim ɗin kokawa. Ya tare a wani tsohon otal, takardar bango tana saɓulewa don zafi, sauro yana damunsa, rubutu ya ƙi zuwa. Kullum maganarsa ita ce shi don talaka yake rubutu. To maƙwabcinsa a otal ɗin talakan ne, kuma sau da yawa yana ce masa yana da labarai da zai ba shi, amma ko sau ɗaya marubucin bai bar shi ya ƙarasa ba. Mai kamfanin fim ɗin azzalumi ne, gaskiya ne, amma kafin ya ci amanar marubucin, marubucin ya riga ya ci amanar abin da yake iƙirarin yana yi wa hidima. Fim ɗin ya ɗauki babbar kyautar bikin finafinai na Cannes a shekarar, tare da ta darakta da ta jarumi. Bayansa da shekara guda Robert Altman ya fitar da The Player, inda wani babban ma'aikacin kamfanin fim ya kashe marubuci, ya sha, har ya samu ƙarin girma. Abin da nake so ka duba a ciki ba kisan ba ne. Akwai wasu mutum biyu da suka kawo labari suna rantsuwa cewa ba za a sa taurari ba, ba kuma za a yi masa ƙarshe mai daɗi ba. Da fim ɗin nasu ya fito sai ga taurari, ga ƙarshe mai daɗi, kuma shi wanda ya fi kowa rantsuwar shi ne yake kare canjin da hujjar cewa 'yan kallon gwaji ba su so na farkon ba. Ba wanda ya sa masa wuƙa a wuya.

Waɗannan labarai ba daga sama suka faɗo ba, Hollywood tana da tabon da ya haife su. Daga 1947 wani kwamitin majalisar Amurka ya riƙa kiran 'yan fim yana tambayarsu su waye 'yan gurguzu a cikinsu. Wanda ya ƙi magana sai a daina ba shi aiki. Marubucin fim Dalton Trumbo ya ƙi, aka ɗaure shi, ya fito ya ci gaba da rubutu da sunayen aro, har wani labarinsa ya ci kyautar Oscar da sunan aro na Robert Rich, kuma sai a 1960 sunansa na gaskiya ya dawo kan allo. Elia Kazan kuwa, babban darakta, ya bayyana a 1952 ya ambaci sunayen tsofaffin abokan aikinsa takwas, ya ci gaba da aikinsa, ya yi finafinan da har yau ake koyarwa. Da aka ba shi kyautar girmamawa a 1999, wasu a zauren sun zauna ba su tafa ba. Idan aka ce in zaɓi wanda zan gina fim ɗin zullumi a kansa, Kazan zan ɗauka ba Trumbo ba, duk da cewa Trumbo ne zuciyata take tare da shi. Labarin wanda ya tsaya a kan gaskiya labarin jarumta ne. Zullumin yana wajen wanda ya miƙa wuya ya samu abin da yake so, ya shafe shekaru yana bayanin dalilinsa.

Tunda aljihunka ba nauyi, finafinai biyu ne za su fi yi maka amfani. Berberian Sound Studio na Peter Strickland, 2012, kusan duka a ɗakin haɗa sauti ɗaya aka yi shi. Wani Bature ɗan Ingila, mai sanyin hali, aka ɗauko shi zuwa Italiya ya haɗa sautin wani fim, ya iske fim ɗin azabtar da mata ne. Ba a taɓa nuna mana azabar ba. Fuskarsa kawai muke gani yana caccaka kabeji da wuƙa, ana fasa kankana, don a samar da ƙarar. Yana ta bin kuɗin jirginsa ana yi masa yawo da hankali. A ƙarshe wannan mutum mai ladabi shi ne ya ƙure wa wata mai ɗaukar murya ƙara a kunne don ta yi ihu na gaske. Na biyun shi ne The Assistant na Kitty Green, 2019: yini ɗaya a rayuwar ƙaramar ma'aikaciya a ofishin wani babban furodusa. Ba a nuna fuskar ogan ba ko sau ɗaya. Ta ga alamun abin da yake yi wa 'yan mata masu neman shiga fim, ta kai ƙara, aka lallashe ta da murmushi har ta janye, abokan aikinta maza suka taya ta rubuta wasiƙar ban haƙuri. Sai dai ka sani, wasu daga cikin finafinan da na ambata suna da fitowar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba. Kallon ɗalibi za ka yi musu, ka ɗauki dabara ka bar abin da ba naka ba.

Yanzu mu dawo gida, don a nan dukiyarka take. Tarihin Kannywood kansa tarihin sassauci ne, kuma ba zagi nake yi ba, haka kowace masana'antar fim take. Daga Turmin Danya na 1990 zuwa ƙarshen shekarun nan, labari ne a gaba. Da Sangaya ta fito a 1999 waƙarta ta mamaye gari, sai kasuwa ta gane abin da ke sayar da kaset. Duk wanda ya yi aiki a zamanin kaset da faifai ya san cewa ɗan kasuwa a Ƙofar Wambai ko Bata yana da bakin magana a kan fim fiye da marubucinsa: fuskar wa za a sa a fasta, waƙa nawa ce a ciki, za a raba shi kashi nawa. Akwai lokacin da waƙar ake fara yi, sannan a nemo labarin da za a rataya mata. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa a kan yadda salon Indiya ya shigo ya zauna ta wannan ƙofa. Da kasuwar faifai ta mutu, masu tura fim a waya suka karɓi fage, sai aka koma finafinai masu dogon zango a Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, da kuma YouTube. Ubangidan ya sauya kama ne kawai. Yanzu yawan masu kallo da masu ba da talla su ne suke cewa a ja labarin da ya ƙare, a dawo da jarumin da ya kamata a ce ya tafi, a tsaya tsakiyar tashin hankali a yabi wani maganin gargajiya ko kamfanin fili. A ɗaya gefen ga Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, ga malamai, ga al'ummar da take kallon fim da daddare ta zagi 'yan fim da safe. Ka tuna yadda aka janye shirin gina ƙauyen fim a Ƙofa a 2016 bayan hayaniyar da ta tashi. Ɗan fim a Kano ba ya yin taku ɗaya bai lissafa wanda zai ɓata wa rai ba.

Duk da haka, idan da ni ne kai, ba kasuwa ko hukuma zan sa a tsakiyar labarin ba. Ubangida zan sa. A Hollywood takarda ce take ɗaure marubuci, lauya ya rubuta, ya sa hannu. A ofisoshin 'yan fim na titin Gidan Zu alheri ne yake ɗaure mutum, kuma ɗaurinsa ya fi na takarda ƙarfi nesa ba kusa ba. Mutumin da ya ɗauko ka kana riƙe fitila a lokeshan, ya ba ka wurin kwana, ya tsaya maka a aurenka, ya biya kuɗin aikin da aka yi wa mahaifinka a asibiti, ranar da zai taɓa labarinka ba zai ɗaga murya ba. Zai ce, "Ɗan gyara ne kawai, ka san kasuwa." Idan ka ce a rubuta yarjejeniya zai dube ka ya ce, "Au, yanzu har mun kai nan?" Kuma ba lallai ne ya zama munafuki ba, wataƙila da gaske yana ƙaunarka, da gaske kuma yana ganin duk abin da ya fito daga kanka nasa ne, tunda shi ya raine ka. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka rubuta furodusanka a haka, mai kyauta, mai fara'a, mai sallah a kan lokaci, har mai kallo ya fara jin haushin jarumin idan ya yi masa musu. Daga nan ka kama shi.

Ga yadda nake ganin za a iya sake ginin, ka ɗauka ko ka bari. Labarin da marubucin ya kawo ba nasa ba ne shi kaɗai. Tare suka ƙirƙire shi da amininsa na ƙuruciya, wanda bai taɓa shiga fim ba, tela ne ko malamin firamare, kuma abin da ke cikin labarin sirrin gidansu ne, ya ba shi a kan amana. Gyaran farko, a ƙara waƙa. Marubuci ya yarda, mu ma mun yarda, meye a ciki. Na biyu, a sauya jarumar da ta yi wata da watanni tana haddar rawar, a sa wadda take da mabiya. Shi aka tura ya gaya mata, ya kasa, ya daina ɗaga wayarta. Na uku, uwar da ke cikin labarin, wadda ita ce mahaifiyar amininsa a zahiri, a mai da ita muguwa, domin muguwar uwar miji tana jan masu kallo. Ya yarda, bai gaya wa amininsa ba, kuma kullum da yamma yana zuwa shagonsa su sha shayi. Sai dare na ƙarshe a ɗakin edita, an gama haɗa komai, saura sunaye. Furodusa ba ya nan, bai ce komai a kan wannan ba. Edita ya ɗora hannu a kan kwamfuta ya ce, "Labari, sunan wa zan sa?" A wannan ɗaki babu wanda ya tilasta wa jaruminka komai. Abin da ya faɗa a nan shi ne fim ɗinka, kuma duk abin da ya gabata shimfiɗa ce don mai kallo ya riƙe numfashi kafin ya amsa.

Muna da wata baiwa da marubutan Turawa suke wahala kafin su samu, ita ce kawaici. Bahaushe ba ya faɗin abin da ke ransa kai tsaye, musamman ga na gaba da shi. Mutum biyu za su yi doguwar gaisuwa, ya gida, ya iyali, ya jikin Baba, alhali kowannensu ya san abin da ɗayan ya aikata. Yawancin finafinanmu suna zubar da wannan baiwa, sai a sa jarumi ya miƙe ya zayyana duk abin da ke zuciyarsa kamar mai karanta takarda. Kai ka bar gaisuwar ta yi tsawonta. Ka bar "ba komai" ta fito daga bakin wanda aka yi wa komai. Idan mai kallo ya san abin da ke ƙasa, kowace "lafiya lau" sai ta ƙara masa bugun zuciya.

Wajen nuna rikicewar tunani, ka guji hanyoyi biyu da aka saba bi. Kada ka kawo aljanu ko sammu, domin da zarar sun shigo laifin ya tashi daga kan jarumi. Kada kuma ka ce ashe duk mafarki ne. Akwai hanyoyin da suka fi sauƙin kuɗi suka fi tasiri. Saƙon murya da aminin ya turo, wanda jarumin yake ta maimaita saurare, kowane karo yana jin wata ma'ana dabam a cikin kalmomin da ba su canza ba. Fitowa ɗaya a nuna ta sau biyu, da farko yadda jarumin yake ba wa matarsa labari, daga baya yadda ta faru, bambancin bai wuce kalma ɗaya da ya ce bai faɗa ba. Jarumin da ke cikin fim ɗin da ake ɗauka ya fara furta maganganun da marubucin bai tuna ya rubuta ba, amma ya san daga bakin wa ya taɓa jin su. Kuma kada kyamara ta je inda jarumin bai je ba. Idan ana maganarsa a ofis bayan ya fita, kada ka nuna mana. Mu ma mu zauna cikin zargi kamar shi.

Sauti kuwa, a nan ne zan roƙe ka. Idan kuɗinka na abu ɗaya ne, ka ba mai ɗaukar sauti, ka haƙura da babbar kyamara. Al'adar shimfiɗa kiɗa daga farkon fim har ƙarshe tana kashe zullumi, saboda kiɗan yana gaya wa mutum abin da zai ji tun kafin ya ji. Ka cire shi. Ƙarar fanka, janareta da ya mutu tsakiyar magana, wayar da take ruri a aljihu ba a ɗauka ba, sun ishe ka. Kano gari ne mai hayaniya, ga a-daidaita-sahu ga injin markaɗe, don haka ka zaɓi ɗakuna biyu ko uku da za ka iya rufewa, ka tsara ɗaukar fitowar da ke buƙatar shiru a lokacin da gari ya lafa. 'Yan wasa huɗu ko biyar sun isa, amma ka zauna da su ku yi atisaye sosai kafin ranar ɗauka, abin da ba kasafai ake yi ba a wajenmu, inda jarumi yakan ga labari a lokeshan.

Akwai wani rami da nake jin tsoron ka faɗa. Duk wanda ya ji an ce fim a kan ɓarnar 'yan fim, zuciyarsa za ta tafi wuri ɗaya, ga furodusa ga yarinya ga otal. Idan ka buɗe wannan ƙofa za ta haɗiye fim ɗin gaba ɗaya, ba wanda zai ƙara tuna marubuci da amininsa, kuma za ka miƙa wa masu ƙyamar sana'ar sandar da za su doki dubban mutanen da suke cin halalinsu a cikinta. Ba cewa nake a ɓoye cutar da ake yi wa mata ba, akwai ta, kuma ta cancanci fim nata na kanta wanda aka yi da hankali. Amma ba ado ba ce da za a liƙa don jan kallo. Haka nan kada ka gina furodusanka a kan wani sananne yadda kowa zai gane shi. Masana'antar ƙarama ce, kowa ya san motar kowa. Da zarar an fara cewa ai wane ake nufi, fim ya koma gulma, kai kuma ka koma kotu. Kannywood ta sha yin fim a kan kanta, Carmen McCain, mai bincike a kan finafinan Hausa, ta yi nazari a kan irinsu, kuma da yawansu amsa ce ga masu zagin 'yan fim. Naka ba kariya ba ne, ba kuma tonon silili ba, binciken zuciyar mutum ɗaya ne.

Maganar hukuma, ka bi ƙa'ida tun daga farko, ka yi rajista, ka kai aikinka a duba kafin ka saki. Wannan ba abin wasa ba ne a Kano. A ƙarshen 2008 an ɗaure Hamisu Lamido Iyan-Tama bisa zargin sakin fim ɗinsa Tsintsiya ba tare da izinin hukumar jihar ba, zargin da ya musanta, kuma a watan Mayun 2025 hukumar ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22 a lokaci guda, ciki har da manya, a kan batun tacewa. Abin daɗin shi ne irin fim ɗin da nake kwatanta maka ba shi da rawa, ba shi da taɓa jiki, ba shi da jini. Inda za ka iya samun tambaya shi ne ƙarshensa, domin mun saba mai laifi ya ga sakayya a kan allo, a irin wannan fim kuwa sau da yawa mai laifin ne yake yin nasara. Ni ban ga saɓani a nan ba. Mai kallonmu ya yarda haƙƙi ba ya barin mutum, ba sai ɗan sanda ya zo ba. Fim ya karɓu, ana ta kiran marubuci ana taya shi murna, ya je shagon amininsa da shirin kare kansa, ya tanadi hujjoji. Aminin bai yi faɗa ba, ya ba shi wurin zama, ya gaishe shi, da zai tafi ya ce masa, "Na bar ka da Allah." Duk Bahaushen da ya ji wannan ya san hukunci ya riga ya sauka. Abin da zan hana ka shi ne ka ƙara wata fitowa bayan nan inda wani dattijo zai zauna ya fassara darasin.

Shin zai karɓu? Ba zai yi kuɗin da fim ɗin soyayya mai dogon zango yake yi ba, kada wanda ya ruɗe ka. YouTube ya fi saka wa wanda yake sakin sabon kashi duk mako, gidajen sinima kuma a Kano ba su da yawa. Amma ban yarda da masu cewa ɗan Kano waƙa kawai yake so ba. Yadda mutane suka bi Kwana Casa'in suna muhawara a kan makircin 'yan siyasar cikinsa ya nuna akwai masu son labarin da zai sa su tunani. Fim irin naka hanyarsa ta bukukuwan finafinai ce da farko, KILAF a nan Kano, Zuma a Abuja, AFRIFF a Legas, don haka ka tanadi fassarar Turanci mai kyau a ƙasan allo, ka ba wanda ya iya harsunan biyu da gaske. Kuma kafin a kunna kyamara ku zauna kai da abokanka ku rubuta a takarda, da shaidu: wa ya sa nawa, wa yake da magana ta ƙarshe a ɗakin edita, sunan wa zai fito a ina, a hannun wa hotunan da aka ɗauka za su zauna. Za a ji nauyi, a daure a yi.

Kada ka fara da dogon fim. Ka ɗauki fitowar ɗakin edita da biyu da suka gabace ta, abin da bai wuce minti 15 ba, ku yi su da iyakar ƙoƙarinku. Sannan ka tara mutanen da ba abokanka ba, ba kuma 'yan fim ba, maza da mata, ka kunna musu ka koma baya ka zauna. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau, za su ce ya yi. Ka saurari abin da za su ce wa junansu bayan an kunna fitila. Idan duk sun haɗu a kan cewa furodusan mugu ne, ka koma kan takarda. Idan kuwa gardama ta kaure, wasu suna cewa marubucin ya ci amana wasu suna cewa to ya zai yi, sai ka fita neman kuɗin sauran.